Yadda Aka Dandaƙe Karen Banda

Har yau idan na shiga kasuwar dabbobi na ji ƙarar gudumar itace da kukan bunsuru, sai in canza hanya. Ba tausayin bunsurun ne ya fi damuna ba. Baffa nake tunawa, wan babana, kuma duk lokacin da na tuna shi a kan wannan magana sai zuciyata ta tafasa kamar jiya abin ya faru.

Ƙauyenmu yana bakin ruwa a ƙasar Ngaski, gidanmu kuma gidan masunta ne. Baba da Baffa jirgi ɗaya suke da shi da inji ɗaya, amma kowa da wurin bandarsa da filin shanyarsa. Manyan kifi Inna da sauran matan gida ke bandarsu a kan wuta. Warangi kuwa, ƙananan kifin nan masu ƙyalli, a rana ake baza su. Duk inda aka baza kifi akwai masu jiran ka juya baya: shirwa daga sama, kyanwoyi daga bayan dangar gida, guza daga cikin ciyawa. Saboda su muka samu kare.

Wani manomi Bakambare da ke kawo mana dawa ya karɓi kifi, shi ya bar mana shi yana kwikwiyo. Ja ne, ƙafarsa ɗaya ta gaba fara. Ba wanda ya taɓa cewa nasa ne. A gidanmu kare ba ya shiga tsakar gida, ba ya kusantar randa ko tabarmar salla, ba a kuma shafa shi. Ko suna ba a sa masa ba, karen banda ake ce masa. Inna ke zuba masa kan kifi da ɗumamen tuwo a wani fasasshen kasko. Shi kuma ya san iyakarsa fiye da yaran gidan. Tun safe zai kwanta a tsakiyar shanya, idan inuwar shirwa ta gifta ya yi zumbur. Bai taɓa ɗaukar kifi ko ɗaya daga ƙasa ba sai an jefa masa.

Ni a lokacin ina sakandare ta kwana a Yelwa. Ba ni da yawan magana, cikin samarin ƙauyen kuma ban iya jefa birgin kamun kifi kamar su ba, don haka idan na zo hutu a gindin wata bishiya kusa da banda nake zama da littattafaina. Karen yakan zo ya kwanta ɗan nesa da ni, inda jikinsa ba zai taɓa tabarmata ba. Ni ina karatu, shi yana kallon sama. Iyakar abin da ke tsakaninmu ke nan, kuma ya ishe ni.

Da ya tasa ya cika jiki sai ya fara yawo. Tungar manoma tana bayan fadama, can kuwa karnuka suna da yawa. Sai ya ɓace da hantsi, ya dawo da yamma da yagaggen kunne ko yana ɗingishi. Wata rana da ba ya nan shirwa suka sauka a shanyar Baffa, kyanwoyi suka shiga banda suka yi ɓarna. Baffa ya tsaya a kan abin da ya rage yana faɗa.

“Kare mai bin mata bai gadi,” ya ce. “A dandaƙe shi mu huta.”

Nan gardama ta tashi a gidan. Baba yana tsoron abin da ya ji ana faɗa, wai dandaƙaƙƙen kare ba ya haushi, sai barci da ƙiba. Inna ta ce ita dai alhaki take gudu. Aka tambayi liman, ya ce abin da ya sani a kan dabbar da ake ci ne, ta kare bai tabbata ba, amma duk abin da za a yi kada a azabtar. Kowa ya ɗauki rabin maganar da ya yi masa daɗi.

Ni ban ƙi a yi ba. Na ga raunukan da yake dawowa da su, na kuma san wata rana ba zai dawo ba. Abin da nake so shi ne a san yadda ake yi da lokacin da ya dace. Na roƙi Baba ya bari in tambayi malamin dabbobi a Yelwa, tunda ofishinsu ba shi da nisa da makarantarmu. Ya ce in tambayo.

Shekarar da aka yanke mu daga Sakkwato ce. A allon ofishin an shafe sunan tsohuwar jiha da fenti an rubuta sabuwa, amma tsohon rubutun yana leƙowa ta ƙasa. Na yi ta zuwa bakin ƙofar ina juyawa, don kunyar in buɗe baki in ce a kan kare na zo. Ranar da na daure na shiga, malamin yana wanke hannu a bokiti.

“Samari, awaki ne ko shanu?”

“Kare ne, ranka ya daɗe.”

Bai yi dariya ba. Ya nuna mini benci, ya tambayi shekarun karen, na ce bai cika shekara ba. Ya tambayi inda yake kwana da abin da yake ci. Sannan ya ce:

“Ka saurara da kyau. Kada ku bari a dandaƙe shi. Jikin kare ba irin na bunsuru ba ne. Jijiyar gajera ce, fatar wurin ba ta da kauri, idan aka buga ba bushewa wurin yake yi ba, ruɓewa yake yi. Allura ake yi masa ya yi barci, a yanka, a ɗaure, a ɗinke. Kuma ba yanzu ba. Damina ce, ƙuda ya yi yawa, ku kuma ga ku cikin kifi. Ku bari ruwa ya ɗauke. Kafin nan ina fata maganin barcin ya iso, don tun da aka raba jiha kayanmu ba su zo ba.”

Na tambaye shi maganar haushi. Ya ce haushi ba a can yake ba, zai ci gaba da gadinsa. Na tambaye shi abin da za mu yi kafin lokacin, ya ce a ɗaure shi da doguwar igiya a inuwa, a ajiye masa ruwa. Na roƙe shi ya maimaita mini tun daga farko, ya maimaita. Ina tafiya ina bita a zuciyata don kada in rage ko in ƙara.

Da na je gida, bayan la’asar na sami Baba da Baffa a gindin bishiyar suna gyaran taru, na durƙusa na faɗi komai kamar yadda aka faɗa mini. Baffa bai bari na kai ƙarshe ba ya fara dariya.

“Allura? A sa kare barci? Sai kuma a shimfiɗa mai katifa, a kawo mai shayi. Kai, boko ya yi! Likita, nawa ne kuɗin gado?”

Samarin da ke wurin suka fashe da dariya. Duk da haka na ƙarasa maganata. Baba ya ja zarensa, sannan ya ce:

“Yaya, tunda an tambayo, mu bari ruwa ya ɗauke. Wata nawa ya rage?”

“To,” in ji Baffa. “Ai shi ke nan. Likita ya yi magana.”

Wannan “to” ɗin a gaban mutane ya faɗe ta, na ji ta da kunnena. Na samo tsohuwar igiyar taru mai tsawo, na kafa turke a gindin bishiyar, na auna na ga igiyar ta kai iyakar shanyar Baba da ta Baffa duka. Na zura wa karen igiyar a wuya ba tare da na taɓa shi ba, na nuna wa Inna yadda ɗaurin yake don kada ya shaƙe shi. Sannan na koma makaranta da kwanciyar hankali.

Da hutun rabin zango na biyo jirgin kasuwa na dawo. Ruwa bai ɗauke ba tukuna, ko a hanya sai da yayyafi ya jiƙa mu. Da na sauka na ga turken yana nan, igiyar tana yashe a ƙasa, kaskon kuma cike da tuwon da ba a taɓa ba. Inna tana bakin banda. Da ta gan ni ta kawar da kai.

“Inna, ina karen?”

“Ka shiga ka ci abinci tukun.”

“Ina yake?”

Sai ta faɗa mini. Mai dandaƙar awaki ya biyo ta ƙauyen da gudumarsa, Baffa ya kira shi ya yi wa bunsurunsa. Da aka gama sai Baffa ya ce, tunda ga mai aikin ya zo har gida, mene ne na jiran wani ofis. Mutumin ma ya ce bai taɓa yi wa kare ba. Baffa ya ce ai abu ɗaya ne. Baba yana kan ruwa. Suka ɗaure bakin karen da guntun taru, suka cusa kansa cikin buhu, samari suka danne shi da ƙafa da sanduna don kada hannunsu ya taɓa shi. Aka sa itace a ƙasa aka yi ta bugu. Igiyar da na ɗaure shi da ita ce ta hana shi gudu. Inna ta ce ta fito tana roƙo, Baffa ya ce mata wannan ba maganar mata ba ce. Da aka sake shi ya ja jiki ya shige ƙarƙashin wani tsohon jirgi da aka kife a bakin ruwa, tun ranar bai fito ba.

Wari ne ya kai ni wurin kafin idona ya gan shi. Na durƙusa na leƙa. Yana kwance a gefe ɗaya, wurin ya kumbura ya yi baƙi ya fashe, ƙuda ya rufe shi, tsutsa tana motsi a ciki. Haƙarƙarinsa duk sun fito. Da ya gane ni ya buga wutsiya a ƙasa sau ɗaya. Bai iya ɗaga kai ba.

Ban san lokacin da na isa gindin bishiyar ba. Baffa yana zaune da taru a cinya, Baba a gefensa, samari kewaye da su. Ban durƙusa ba, ban kuma gaishe su ba, abin da ban taɓa yi ba tun da na yi wayo.

“Baffa, ka ce to.”

Ya ɗago kai. “A’a, Likita ya sauka. Ba gaisuwa?”

“A nan wurin ka ce to. Ka ce za a jira.”

“Kai yaron ga, kare hwa kake magana a kai. Kumburi ne, zai saɓe. Bunsuruna da anka yi wa rana ɗaya da shi ga shi can shina cin ciyawa.”

“An gaya maka ba ɗaya ba ne. Ni na gaya maka. Ka je ka leƙa ka gani.”

“In leƙa mi? Gindin kare?”

Wani daga cikin samarin ya yi dariya, sai ya haɗiye ta da ya ga fuskata. Na juya ga Baba. Shi nake jira. Maganarsa ce aka taka, a gaban mutane ya yanke ta. Baba ya ci gaba da kallon zarensa.

“Abin ya riga ya faru,” ya ce a hankali. “Yayana ne.”

Wannan ta fi ta Baffa yi mini ciwo. Baffa ya yi don ganin dama, don ya nuna ɗan makaranta ba zai koya masa aiki ba. Baba kuwa ya san ba daidai ba ne, kullum yana wucewa ta gaban jirgin nan da aka kife, yana jin warin, yana tafiya. Gidan gaba ɗaya suna ji. Karen da ya tsare musu abincinsu yana ruɓewa a tsakaninsu, kowa yana jiran ya mutu a ja shi da igiya a jefa a ruwa, don kada a ce an yi wa babba gardama.

Na ruga bakin ruwa wurin mai jirgin kasuwa, wanda zai koma Yelwa da safe. Ya ce shi yana ɗaukar awaki da kaji har da jaki, amma ba zai sa kare cikin mutane da kayan abinci ba, fasinja za su watse. Hanyar mota kuwa ruwa ya cinye ta. Saura jirginmu. Na dawo na ce wa Baba ya kai ni. Baffa ya amsa kafin shi.

“Injin ga na kamun kifi ne. Ba a ƙona mai don kare.”

Inna ce ta yanke maganar. Ba ta saba sa baki idan maza suna zaune ba, amma ta taso daga banda da muciya a hannu, ta tsaya inda duka za su ji ta. Baba ta yi wa magana, ba ta ko dubi Baffa ba.

“Maigida, ni ke ba dabbar ga abinci. Ni za a tambaya ranar gobe kiyama. In ba ka kai yaron ga ba, ni da shi za mu tuƙa da filafili, mutanen gari su gani.”

Washegari da sassafe Baba ya ɗauko injin a kafaɗa ya ɗaura a jirgi. Ba wanda ya taya ni ɗaukar karen. Na shimfiɗa buhu, na jawo shi a hankali, na rungumo shi zuwa jirgi. Ranar na fara taɓa shi da hannuna. Ba shi da nauyi ko kaɗan, jikinsa kuma zafi kamar tukunya. Baba ya ce in kula da bakinsa kada ya taɓa mini riga. Har muka kai Yelwa ina kore masa ƙuda da ganye, ina ɗiga masa ruwa a baki.

Da malamin dabbobi ya buɗe buhun ya daɗe yana kallo. Sannan ya dube ni.

“Ba kai na gaya wa ba?”

“Na faɗa, ranka ya daɗe. Ba na nan aka yi.”

Ya juya ga Baba. Baba ya sunkuyar da kai. Malamin ya buɗe kabad ya ɗauko wata ’yar kwalba ya ɗaga mana.

“Ga maganin barcin. Ya iso. Da kun yi haƙuri kaɗan, da aikin minti kaɗan ne, ya tashi ya bi ku gida.”

Ya yi masa allura, ya tsince tsutsar, ya yanke duk inda ya ruɓe, ya wanke, ya ɗinke abin da zai ɗinku. Ni na riƙe ƙafafun. Ya ce bai yi alkawarin zai rayu ba, kuma ba za a mayar da shi bakin ruwa da wannan rauni ba, sai ya zauna ana wanke masa. Mai gadin ofishin, wani dattijo tsohon soja daga ƙasar Zuru, ya ce a bar masa shi a bayan ɗakinsa, shi ya saba da karnuka. Baba ya koma gida shi kaɗai.

Duk ranar da aka bar mu fita daga makaranta can nake zuwa. Da farko ba ya ko motsi. Daga baya ya fara lasar kunu. Wata rana na tarar da shi a tsaye yana rawar ƙafa, dattijon yana shafa masa kai yana kiransa da wani suna na yarensu. Kafin ruwa ya gama ɗaukewa ya warke, sai dai yana tafiya da ƙafafun baya a buɗe, kuma idan ya ga mutum da buhu a hannu sai ya shige ƙarƙashin benci yana kyarma. Haushinsa yana nan. Duk wanda ya taɓa ƙofar ofishin sai unguwar ta ji.

Wata ranar kasuwa Baba ya kawo kifi Yelwa, ya aiko a kira ni. Na same shi a bakin ruwa ana sauke kwanduna. Bayan na gaishe shi ya ce:

“An ce karen ya warke.”

“Ya warke.”

“Baffanka ya ce a taho da shi. Shirwa ta dame shi.” Ya gyara kwandon da ke gabansa. “Ya ce ai ga shi aikin ya yi, yanzu ba zai ƙara yawo ba.”

Na tsaya ina kallon Baba. Wato a can gida labarin da ake bayarwa ke nan, Baffa ya gyara kare, malamin dabbobi ya ƙara ɗinki. Yanzu kuma a mayar masa da shi ya kwanta a shanyarsa, a gaban samarin da suka danne shi da ƙafa. Na ce masa:

“Ba zan kawo shi ba, Baba.”

Ban taɓa ce wa Baba a’a ba sai ranar. Masu sauke kaya suka ɗan tsaya. Na ɗauka zai daka mini tsawa, ko ya wuce ni ya tafi ofishin da kansa, don ya san hanya. Sai ya cire hula ya sosa kai.

“To mi zan ce mai?”

“Ka ce ni na hana.”

“Zai ce ban iya da ɗana ba.”

“Ya faɗa.”

Baba ya mayar da hularsa. Ya sunkuya cikin jirgi ya zaɓo manyan bandar tarwaɗa guda biyu, ya naɗe su a takarda ya miƙo mini.

“Ka kai wa mai gadin. Ka ce na gode.”

Karen bai sake taka ƙauyenmu ba. A ofishin ya tsufa, a hannun dattijon. Baffa kuwa ya yi ta gaya wa mutane cewa ɗan ƙanensa ya yi boko har ya sace karen gida ya kai wa gwamnati. Har ya bar duniya bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Nakan gaishe shi idan na je gida, don Inna ta roƙe ni, amma ban sake zama a inda yake zaune ba.